Kwana bakwai a arewacin Queensland: yadda za a raba su tsakanin kurmi, daji da murjani

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Brisbane, ƙasar Ostireliya, za a yaye mu a watan Yuli, kuma mahaifiyata za ta zo daga Kano domin bikin. Kafin mu tattara mu koma gida ina so in kai ta, da uwargida da yaranmu biyu, yankin Cairns na kwana bakwai, mu ga kurmi da daji da murjanin teku. Uwargida da Hajiya ba su iya iyo ba. Kamfanoni suna tallan zagayawa da mutum ko'ina cikin kwana uku ko huɗu. Mu bi su, ko mu ɗauki hayar mota? Kuma yaya za mu raba kwanakin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun, ya kawo Hajiya lafiya.

Ka ɗauki hayar mota. Ba wai kamfanonin ba su san aikinsu ba ne, matsalar lokaci ce. Babbar motar yawon buɗe ido tana ɗaukar mutane a otal da misalin bakwai na safe, ta isa kurmi rana ta take, ta dawo da su kafin magariba. To dabbobin ƙasar nan kuwa yawancinsu ba sa fitowa da rana tsaka. Da asuba suke motsi, da yamma liƙis, da kuma cikin dare. Wanda ya bi bas zai ga itatuwa masu kyau, ya ɗauki hoto a gindin allon da aka rubuta sunan wurin, ya koma yana cewa ai babu komai a kurmin sai ganye. Abin da za ku saya da kuɗinku shi ne kwana a kusa da inda dabbobin suke, yadda in an idar da sallar asuba minti biyar ya kai ku bakin rafi. Jagora kuma a ɗauke shi a inda ba a iya yi sai da shi: cikin dare, kan kogi, da cikin kogo.

Abin da ya sa ake iya haɗa wurare uku masu bambanci haka cikin mako guda shi ne jerin tsaunukan da suka bi gaɓar teku. Iskar da ke kaɗowa daga kudu maso gabas tana ɗauko laimar teku, ta ci karo da tsaunukan, ta juye ruwanta a fuskarsu ta gabas. Shi ya sa garuruwa irin su Tully da Babinda suke samun ruwan sama fiye da milimita 4,000 a shekara, alhali Mareeba da ke bayan tsaunin, tafiyar awa guda daga Cairns, ba ta cika samun 1,000 ba. Kurmin da ke shan wannan ruwa siriri ne, ya miƙe wajen kilomita 450 tsakanin Townsville da Cooktown, kuma an sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1988. Bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin Ostireliya ba, amma kusan kashi 40 na nau'o'in tsuntsayen ƙasar da kashi 60 na malam-buɗe-littafinta suna cikinsa.

Ga yadda zan raba: dare biyu a Port Douglas saboda teku, dare biyu a ƙetaren kogin Daintree saboda kurmi, dare uku a Yungaburra a kan tudun Atherton, daga can ne za ku leƙa daji. Ka lura na ba wa tudun kaso mafi tsoka, ko da yake sunansa bai kai na Daintree fita ba. Zan zo kan dalili.

Ku fara da teku, kuma ba don ya fi muhimmanci ba. Shi kaɗai ne iska za ta iya hana ku. Yuli rani ne a can, sama garau, ruwan tekun tas, amma lokacin ne iskar kudu maso gabas ta fi ƙarfi. In ka sa teku a rana ta ƙarshe aka wayi gari iska na kaɗawa, shi ke nan, kun yi asara. In yana rana ta biyu kuwa, sai a ɗage shi zuwa ƙarshen mako. Ka riƙa duba hasashen hukumar yanayi tun kwana uku kafin ranar. In gudun iskar ya haura noti 20, wato wajen kilomita 37 a awa, tafiyar awa ɗaya da rabi zuwa murjanin da ke can waje za ta wahalar da Hajiya da yara. Maganin jiri a sha shi tun a ƙasa, wajen rabin awa ko awa guda kafin a shiga jirgi. Wanda ya bari sai cikinsa ya fara juyawa ya makara. A zauna a ƙasan jirgin ta baya, a kalli inda sama ta haɗu da ruwa, a ajiye waya.

Wannan shinge na murjani, Great Barrier Reef, tsawonsa wajen kilomita 2,300 ne, kuma ba abu guda ba ne a haɗe: tarin murjani ne daban-daban kusan 2,900 da tsibirai kusan 900. Saboda haka in wani ya ce maka ya mutu, ko ya ce lafiyarsa lau, ka tambaye shi wane ɓangare yake nufi. Zafin ruwa ya yi masa babbar illa a 1998, 2002, 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Murjani dabba ce, ƙananan halittu ne da suke gina wa kansu gida na farar ƙasa, kuma a cikin jikinsu akwai wata gansakuka mai ƙanƙanta da ke sarrafa hasken rana ta ciyar da su. In ruwa ya yi zafi fiye da ƙima na makonni, sai murjanin ya kori gansakukar, ya koma fari fat. In sanyi ya dawo da wuri yana iya farfaɗowa, in zafin ya daɗe yunwa ta kashe shi. Abin da wannan ke nufi gare ku: lafiyayyen murjani yawancinsa ruwan ƙasa ne, ko ɗorawa-ɗorawa, ko kore mai duhu. Launukan nan masu walƙiya da kuke gani a talabijin fitila ce aka haska musu. Ka faɗa wa yara tun a gida don kada su yi tsammanin wani abu daban. Abin kallon shi ne rai da ke yawo a kansa. In ka kifa fuska cikin ruwa ka yi shiru, za ka ji wani ƙaras-ƙaras ba tsayawa. Wani kifi ne mai baki irin na aku yake kankare dutsen murjani, ya niƙe shi a cikinsa, ya fitar da farin rairayi ta baya, kana kallo yana barin ƙura a ruwa. Akwai manyan ƙumbuna da suka fi mita guda faɗi, leɓɓansu shuɗi da kore, in inuwarka ta gifta sai su ɗan tsuke. Kunkurun teku kuma yakan taso ya sha iska kusa da mutum bai damu ba. Shida daga cikin nau'o'i bakwai na duniya suna wannan ruwa.

Rashin iya iyo ba zai hana kowa gani ba, in dai ka zaɓi irin tafiyar da ta dace. Ka nemi jirgin da ke zuwa wani dandamali da aka kafa a kan ruwa, ba ƙaramin jirgin da ake dirowa daga bayansa ba. A dandamalin akwai ɗaki a ƙarƙashin ruwa mai tagogin gilashi, akwai kuma jirgi mai zurfin ciki da ake zama a kalli murjani ta taga. Hajiya za ta ga kifaye ko ƙafarta ba ta jiƙe ba. Uwargida kuwa ina ba ta shawara ta gwada shiga. Za a ba ta rigar da ke hana nutsewa, da tabarau da bututun numfashi, kuma akwai ma'aikacin da ke jan mutane a kan taya. Kayan ruwan da ake bayarwa suna rufe jiki daga wuya har idon sawu, ana iya ɗora doguwar riga mara nauyi a kai, da ɗankwali mai kama kai wanda ba zai yi yawo ba. In iska ta ƙi kwanciya duk makon, ku je Low Isles, tsibiri ne kilomita 15 kacal daga Port Douglas, ana shiga ruwa daga kan rairayi.

Abu biyu kada a yi wasa da su. Takardar lafiya da ake cikewa a jirgi, a faɗi gaskiya: hawan jini, ciwon zuciya, asma. Yawancin waɗanda ke rasa ransu a wannan ruwa ba wani kifi ne ya kama su ba, zuciya ce ta gaza wa mai shekaru da ya tilasta wa kansa. Na biyu, in kai kanka ka yi sha'awar nutso da tukunyar iska, to ka ba da awa 24 kafin ka hau jirgin sama ko ka hau tudu da mota, saboda iskar da ta narke a jini. Su kuwa halittun nan masu yauƙi da igiyoyin dafi da ake tsoro, lokacinsu daga Nuwamba zuwa Mayu ne. Kwalaben ruwan khal da za ku gani an ajiye a bakin teku dominsu ne. Zuwanku a Yuli ya rage muku wannan damuwa, kuma watan ne manyan dabbobin tekun nan da ake kira wel ke fara isowa daga kudu, wataƙila ku yi sa'ar ganin feshinsu daga jirgi.

Rana ta uku ku nufi arewa. Ku tsaya a Mossman Gorge da sassafe kafin bas-bas su iso. Ƙasar mutanen Kuku Yalanji ce, su ne asalin masu wurin, kuma a 2021 gwamnatin Queensland ta mayar musu da mallakar gandun Daintree. Zagayen da suke yi da baƙi ya cancanci kuɗinsa, domin su ne za su nuna muku ganyen da ke kumfa in an murza shi da ruwa, da 'ya'yan itacen da ke kisa in an ci su ɗanye amma su zama abinci bayan an jiƙa su kwanaki a ruwa mai gudu. Daga nan sai jirgin fito da ke ƙetare kogin Daintree da motoci, waya ce ke jansa. A lokacin hutun makaranta layi yakan yi tsawo da hantsi. Da zarar kun haye, babu wutar gwamnati, masaukai da janareta da hasken rana suke aiki, sabis ɗin waya sai an dace, shaguna kuma suna rufewa da wuri. Ka cika tanki, ku yi cefane a Mossman. Hanyar kwalta tana ƙarewa a Cape Tribulation. Kyaftin James Cook ne ya raɗa masa wannan suna na wahala a 1770, da jirginsa Endeavour ya daki murjani a can gaba. Abin da ya wuce nan hanyar ƙasa ce ta motoci masu ja da ƙafa huɗu, kada ka kai motar haya. Kuma tun guguwar Jasper ta Disambar 2023, wadda ta zubo da tsaunuka kan hanyar, yana da kyau a duba halin hanya kafin a tashi.

Daintree wurin kallon itatuwa ne da farko. Akwai zuriyar tsirrai a nan da suka samo asali tun Ostireliya na manne da sauran nahiyoyin kudu. Akwai wata bishiya, Idiospermum, da masana suka ɗauka ta ƙare, sai a farkon shekarun 1970 shanun wani manomi suka mutu, aka farke cikinsu aka tarar da manyan 'ya'yanta. Gadojin katako na Marrdja da Dubuji shimfiɗaɗɗu ne, babu hawa, Hajiya za ta bi su a hankali. Yara su riƙe doka ɗaya: ba a taɓa ganye. Akwai wani tsiro da ake kira gimpi-gimpi, ganyensa faffaɗa mai siffar zuciya, bakinsa zarto-zarto, jikinsa duk gashi. Gashin ƙananan allurai ne masu dafi, in suka shiga fata zafin yakan yi makonni, wani har watanni, yana tashi duk lokacin da ruwa ya taɓa wurin. A bakin hanya yake fitowa, inda rana ke samu. Akwai kuma wata igiya mai ƙaya da ke kama riga. In ta kama ka kada ka fizge, ka ja da baya ka cire ta a hankali. Matsattsaku ba su da yawa a rani.

Maganar kada kuwa, Malam, a nan ba zan sassauta ba. Kadan ruwan gishiri shi ne mafi girman masu jan ciki a duniya, namiji yakan wuce mita biyar, kuma tun da aka hana farautarsa a Queensland a 1974 ya dawo ko'ina. Yana cikin koguna, yana bakin teku. Rairayin Cape Tribulation zai ba ku sha'awa, amma ba a shiga ruwan, kuma a bar tazarar aƙalla mita biyar tsakanin mutum da bakinsa. Mu da muka saba in mun ga ruwa mai gudu mu tsuguna mu yi alwala, a nan ba a yi. A ɗauki buta a mota. Ganinsa cikin aminci a kan kogin Daintree ake yi, kuma Yuli ne lokacin da ya fi, domin ruwa ya yi sanyi, dole ya fito gaɓa ya sha hantsi. Ka tambayi lokacin da ruwan teku zai janye, ka zaɓi ƙaramin jirgi a wannan lokaci. Na asuba ya fi ga mai son tsuntsaye.

Dabbar da kowa ke zuwa nema ita ce kasowari, ɗan'uwan jimina, kuma bayan jimina babu tsuntsun da ya fi shi nauyi. Baƙi ne wuluk, wuyansa shuɗi, da jajayen leɓɓa biyu suna reto, a kansa kuma wani tsayayyen ƙaho. Macen ta fi girma, takan kai kilo 60 ko fiye. Ita ƙwai kawai take sakawa ta yi gaba. Namijin ne ke kwanci wajen kwana 50, ya kuma yi renon 'ya'yan kusan wata tara. In ka ga tulin kashi a kan gada cike da manyan ƙwallaye, ja da shuɗi, to ya wuce nan. Yana haɗiye 'ya'yan itace ɗungurungum ya kai irin nesa, akwai bishiyoyin da in babu shi ba mai yaɗa su. Babu jagoran da zai yi maka alƙawarin ganinsa, wanda ya yi maƙaryaci ne. Ka yi tuƙi a hankali da safe da yamma, domin a bakin hanya aka fi ganinsa, kuma mota ce ke kashe su. In kun haɗu a ƙafa, musamman uba da 'ya'ya masu zane-zane, kada a gudu, kada a ba shi abinci, doka ma ta hana. A ja da baya ana fuskantarsa, a sa bishiya ko jaka a tsakani. Yatsansa na ciki yana da farce mai tsawon wajen santimita 12.

Rana ta biyar ku hau tudu ta Julatten da Mount Molloy. Cikin 'yan kilomitoci za ku ga kurmi ya yanke, busasshen daji ya karɓa, sannan gonakin mangwaro da kofi na Mareeba. In Juma'a ce, akwai masallaci a Mareeba wanda Musulmin Albaniya suka gina a 1970, al'ummar da ta fara zuwa aikin rake da taba tun shekarun 1920. Ku isa Yungaburra kafin la'asar. Tudun yana tsakanin mita 600 da sama da 1,000 daga teku, daren Yuli yakan sauka ƙasa da digiri 10, saboda haka a zo wa Hajiya da rigar sanyi ta gaske.

Dalilin da ya sa na ba shi dare uku shi ne, an sare yawancin kurmin tudun tun zamanin da aka buɗe gonaki da kiwon shanun madara, abin da ya rage gutsattsari ne masu baki. A Daintree dabba tana can sama cikin duhun ganye mita talatin, ba ka ganinta. A nan kuwa tana bakin gutsuren, wani lokaci a bishiyar da ke gefen titi. Abin takaici ne ga dabbobin, amma shi ya sa a nan ne ido ke samunsu.

Ku fara da filatifus a rafin Peterson, cikin garin Yungaburra, da ƙafa ma ana zuwa. Dabba ce mai shayarwa amma ƙwai take sakawa, bakinta irin na agwagwa, wutsiyarta faffaɗa, namijin yana da ƙaya mai dafi a ƙafar baya. Kowa yana zuwa da tsammanin babban abu, alhali na arewa ƙanana ne, wajen santimita 40 zuwa 45. Ku je gari na wayewa, ku sami wurin da ruwa ya kwanta, ku tsaya cik. Kada ku nemi dabbar, ku nemi ruwan: ƙananan kumfa suna tasowa a jere, sannan da'ira ta buɗe tana faɗaɗa. A tsakiyarta za ku ga wani abu ruwan ƙasa a kwance, yana tauna abin da ya tara a kumatunsa. Daƙiƙa goma ko ashirin, sai ya lanƙwasa baya ya nutse. A ƙarƙashi idonsa da kunnensa da hancinsa duk a rufe suke, da bakin nan yake jin 'yar wutar da ke fita daga jikin tsutsa da jatan lande. Ba ya kai minti guda sosai a ƙasa, saboda haka lokacin da ya nutse ne za ku matsa kusa, in ya taso ku daskare. Yara sukan fi manya iya wannan in an mai da shi wasa. In ba ku gani ba da asuba ku koma da yamma, in ba ku gani ba yau akwai gobe, kuma amfanin dare uku ke nan.

Sai kangarun bishiya. E, akwai kangaru da ya koma zama a kan itace, nau'in Lumholtz, kuma a duk duniya a wannan yanki kawai yake. Da rana yana dunƙule a reshe yana barci, launinsa ya saje da inuwa. Dabarar ita ce a nemi doguwar wutsiya mai baƙin baki tana reto ƙasa, miƙe sambal, ba kamar igiyoyin kurmi da ke lanƙwashewa ba. A duba wajen magangarar ruwa ta Malanda, da itatuwan da ke kusa da gonar shayi ta Nerada, da bakin rafin Peterson ɗin kansa. In ka ga mutum uku sun tsaya sun ɗaga kai, ka tsaya ka tambaya, a nan ba abin kunya ba ne. Da rana ku zaga tafkin Eacham da na Barrine, ramukan aman wuta ne da ruwa ya cika. A hanyar Barrine ku sa ido a ƙasa, akwai wani ɗan mitsitsin ɗan'uwan kangaru mai jan gashi da ke tonon ganye da rana. Bishiyar Curtain Fig, dangin ɓaure ce da ta shaƙe wata bishiyar ta zubo da saiwoyi wajen mita 15, minti goma ya ishe ta. Magangarar Millaa Millaa kyakkyawa ce, amma wurin hoto ce kawai.

Dare guda ku ɗauki jagora. Kada ka ce za ka yi da tocilar waya. Shi ya san wace bishiya ce ke da 'ya'ya a wannan mako, ya kuma san riƙe fitila daidai da ido, domin sai hasken ya fita daga kusa da idonka ne za ka ga idon dabba ya mayar da shi. Wajen Mount Hypipamee, inda tudun ya fi tsawo, akwai nau'o'in fosum, wasu ƙananan dabbobin kan bishiya masu naɗe wutsiya, da ba sa jure zafi, shi ya sa ba sa sauka ƙasa. Akwai wanda gashinsa ke ɗaukar ido kore-kore. Ka tambaya ko yana amfani da jan haske, in ya ce a'a ka nemi wani, farin haske mai ƙarfi yana makantar da su na ɗan lokaci. Jemage kuma, ko an gan shi a ƙasa, ba a taɓawa, wasunsu na ɗauke da cuta 'yar'uwar ta mahaukacin kare.

Daji na ba shi yini guda, da gangan. Bature daga Turai yakan tsaya baki buɗe in ya ga jar ƙasa da busasshiyar ciyawa da suri, amma Hajiya za ta ce ai wannan hanyar Yankari ce. Abin da zai zama sabo shi ne mazaunansa. Mafi sauƙi, Granite Gorge kusa da Mareeba, inda walabin dutse, ƙananan 'yan'uwan kangaru, ke tsalle a kan fā, ga kuma baƙaƙen aku masu jan wutsiya suna wucewa garke-garke, da gauraki a gonakin da aka girbe. In kuna da ƙarfi, ku yi sammako zuwa Chillagoe, kilomita 140 yamma da Mareeba. Baƙaƙen duwatsu masu kaifi da suka tsaya a tsakiyar dajin murjani ne na wani teku da ya ƙafe wajen shekara miliyan 400 da suka wuce, ruwan sama ya narka cikinsu ya yi koguna. Yaran da suka ga mai rai ranar Talata za su taɓa kakansa ranar Asabar, kuma ban san darasin da ya kai wannan shiga kai ba. Ma'aikatan gandun ne ke shiga da mutane, ana yankar tikiti tun kafin a je, wasu kogunan suna da matakala da yawa, saboda haka ka tambayi wanda ya fi sauƙi saboda Hajiya. Ka kuma tabbatar kamfanin hayar ya yarda a bi hanyar. Ku baro can tun la'asar sakaliya ba ta yi ba: da faɗuwar rana walabi da shanu ke hawa titi, kuma inshorar haya ba kullum take biyan irin wannan karo ba. Kogunan aman wuta na Undara sun yi nisa ga wannan mako, ku bar su.

Abinci: a Cairns za ku sami naman halal da masallaci, bayan nan kifi ne da abin da kuka dafa, don haka ka kama masauki mai madafa. Ranar komawa ku sauko ta hanyar Gillies, wadda ke da kwana fiye da 260 cikin kilomita 19. A yi ta da rana, kuma wanda teku ya juya wa ciki ya sake shan maganinsa.

Sai maganar Hajiya kafin ta taso. Ta riƙo katin rigakafin cutar shawara, za a nema tun da daga Najeriya take. Kuma na san ba za ta zo wa jikoki hannu rabbana ba, to ka yi mata bayani da kyau: kilishi da dambun nama ba sa shiga Ostireliya, ƙwace su ake yi. Goro, daddawa, kuka, yaji, duk abin da ya fito daga tsiro ko dabba, ta yi masa alama a katin da ake cikewa a jirgi, ta nuna wa jami'ai su yanke hukunci. Wanda ya bayyana, iyakaci a karɓe kayan. Wanda ya ɓoye kare ya shinshino, tara ce mai nauyi, har bizarsa ana iya sokewa. Ka cike mata samfurin katin ka tura mata hotonsa ta WhatsApp, don ta san inda za ta sa alamar.